Lacca ko Warware Matsala: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Horon Likitan Karkara?

Gabatarwa

Wanda duk ya bi hanyar da ta taso daga birnin Katsina, ta ratsa Kurfi, ta isa Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, ya ga irin ƙasar da akan tura sabon likita ya fara aiki a cikinta. Gonakin gero da dawa da gyaɗa ne hagu da dama, sai rugagen Fulani, sai ƙauyukan da ake ɗauko marar lafiya daga cikinsu a kan babur ko amalanke, sau da yawa bayan an gwada jiƙo da hayaƙi da ƙwayoyin kemis abin ya faskara. A babban asibitin koyarwa, sabon likita yana da manya a kansa, kuma in abu ya shige masa duhu akwai wanda zai tambaya. A asibitin karkara kuwa, wani lokaci shi ne babba shi ne ƙarami, musamman da tsakar dare.

Marar lafiya ba ya zuwa da sunan cutarsa a rubuce a goshi. Abin da zai ce shi ne shawara ta kama shi, ko basir ya taso masa, ko sanyi ya shige shi, alhali kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ta ƙunshi cututtuka dabam-dabam a wurin likita. Aikin likita shi ne ya tashi daga wannan ƙorafi, ya yi tambaya, ya duba, ya auna, har ya kai ga gano abin da ke damun mutum. Saboda haka ne masana suka shafe fiye da shekara 50 suna muhawara a kan tambaya guda: shin ya fi kyau a fara cika ɗalibi da ilmi ta hanyar lacca sannan a kai shi gaban marasa lafiya, ko kuwa a fara ajiye masa matsalar marar lafiya a gabansa, ita ta ja shi zuwa neman ilmin? Tunda jami'o'i suna ƙaruwa a Jihar Katsina, cikinsu har da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a shekara ta 2011, ya dace a duba abin da kowace hanya ta ƙunsa da kuma abin da bincike ya tabbatar a kanta.

Tsohon tsari da asalinsa

Tsarin da aka fi sani a duniya ya samu gindin zama ne a farkon ƙarni na 20. A shekara ta 1910 wani malami Ba'amurke mai suna Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya ziyarci makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Ya tarar da yawancinsu kasuwanci kawai suke yi, babu ɗakin gwaje-gwaje, babu asibitin koyarwa na kirki. Ya ba da shawara a yi koyi da Jami'ar Johns Hopkins, wato a kafa likitanci a kan kimiyya, ɗalibi ya yi shekara biyu yana karatun tushe, sannan ya yi shekara biyu a asibiti. Makarantu da dama sun rufe bayan wannan rahoto, waɗanda suka rage kuma suka inganta ƙwarai.

Nijeriya ta gaji irin wannan rabe-rabe ne ta hannun Ingila. Makarantar likitanci ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne a farkonta, ita kuwa Tsangayar Likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya an kafa ta a 1967. A bisa wannan tsari ɗalibi yakan yi shekara shida. Shekarar farko ta share fage ce, inda ake karanta ilmin halittu da na sinadarai da na fiziks. Daga nan sai a shiga ilmin ƙirar jiki, inda ake feɗe gawa a ga kowace jijiya da kowace tsoka, da ilmin yadda gaɓoɓi ke aiki, da ilmin sinadaran jiki. Wanda ya haye wannan jarrabawa, wadda ɗalibai suka fi jin tsoro, sai ya wuce ga ilmin cututtuka da ƙwayoyin da ke haddasa su da ilmin magunguna, kana ya zagaya sassan asibiti: tiyata, da yara, da mata da haihuwa, da cututtukan manya, da lafiyar al'umma.

Wannan tsari yana da fa'idodin da ba a musu a kansu. Ilmi yana zuwa daki-daki, babu abin da ake tsallakewa, kuma malami ɗaya yana iya karantar da ɗalibai ɗari biyu a zaure ɗaya da allo da alli kawai. Manyan likitocin da ƙasar nan ke alfahari da su ta nan suka biyo. Amma kuma yana da rauni. Ɗalibi yakan shekara biyu ko uku yana haddace abubuwan da bai ga amfaninsu ba tukuna, kowane sashe yana ƙoƙarin cusa masa duk abin da ya sani, har karatu ya koma na cin jarrabawa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Eugène Custers, ya tattara binciken da aka yi a kan mantuwa ya wallafa a 2010, inda ya nuna cewa bayan shekara ɗaya ɗalibi yakan riƙe kashi biyu cikin uku zuwa kashi uku cikin huɗu na ilmin tushe da ya koya, amma a shekara ta biyu abin da ya rage ba ya kai rabi. Ke nan a daidai lokacin da ya tsaya a bakin gadon marar lafiya, wani sashe mai yawa na abin da zai dogara da shi ya riga ya dushe.

Yadda sabon tsari ya taso

Jami'ar McMaster da ke garin Hamilton a Kanada ita ce ta fara juya lamarin. A ƙarƙashin shugabanta na farko, John Evans, sabuwar makarantar likitancinta ta ɗauki ɗalibai 20 a shekara ta 1969, ta rage lacca ƙwarai, ta rarraba su ƙananan rukunoni, kowane rukuni ana ba shi labarin wani marar lafiya tun daga makon farko. Howard Barrows, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi wanda ya koyar a can, shi ne ya fi kowa yaɗa wannan hanya, musamman da littafin da suka rubuta shi da Robyn Tamblyn a 1980. Daga Kanada sai hanyar ta tsallaka Maastricht a Holan a 1974, da Newcastle a Ostareliya a 1978, da Jihar New Mexico a Amurka a 1979. A 1985 Jami'ar Harvard ita ma ta shigar da ita cikin manhajarta, ta gauraya ta da lacca. A nahiyar Afirka, Jami'ar Gezira a Sudan da Jami'ar Mashigin Suwez a Masar suna cikin na farko da suka rungume ta, sannan Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a arewacin Gana ta koma kanta a 2007.

Malaman Maastricht sun tsara aikin zuwa matakai bakwai. Ɗalibai kamar takwas zuwa goma za su zauna da malami guda, wanda aikinsa jagora ne kawai. Da farko za su fayyace kalmomin da ba su gane ba a cikin labarin. Na biyu, su ayyana ainihin abin da ke bukatar bayani. Na uku, kowa ya kawo abin da yake zato bisa ɗan sanin da yake da shi. Na huɗu, su tace waɗannan zace-zace su jera su. Na biyar, su rubuta abubuwan da suka ga ba su sani ba, waɗanda su ne manufofin karatunsu na wannan mako. Na shida, kowa ya tafi ɗakin karatu ya yi nazari shi kaɗai. Na bakwai, su sake haɗuwa bayan 'yan kwanaki, kowa ya baje abin da ya samo, su gwada shi a kan matsalar da suka fara da ita.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga wanda ya san karatun zaure. Bayan almajiri ya yi haddarsa a makarantar allo ya shiga littattafan fiƙihu, malami yakan jefa masa mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya mata uku da uwa da ɗan'uwa shaƙiƙi, yaya za a raba gadon? A nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi haddar aku. Bambancin kawai shi ne a zaure mas'ala tana zuwa bayan karatu, a McMaster kuwa ita ce ke buɗe shi.

Misali daga gaɓar Zobe

Don a ga yadda abin yake a aikace, a ɗauka an rubuta wa ɗaliban aji biyu wannan labari: "An kawo yaro mai shekara 11 daga wani ƙauye kusa da Madatsar Ruwa ta Zobe. Wata uku ke nan yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Ba ya zazzaɓi. Mahaifinsa ya ce yawancin sa'o'insa haka suke yi, shi ma ya yi da yana yaro." Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa kudu da Dutsin-Ma, wuri ne na kamun kifi da noman rani da wanka da shayar da dabbobi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya samu cutar tsargiya a jikin fiye da ɗaya cikin biyar na ɗaliban ƙananan makarantun sakandare da aka gwada a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Safana.

Ɗaliban da aka ba wannan labari ba a riga an gaya masu sunan cutar ba. Tambayarsu ta farko ita ce daga ina jini zai shiga fitsari, wanda zai tilasta masu su koyi ƙirar ƙoda da bututun da ke saukar da fitsari da mafitsara. Me ya sa jinin ke zuwa a ƙarshe? Domin a lokacin ne mafitsara ke matsewa, kuma wannan ya nuna cewa raunin a bangonta yake. Me kuma zai iya kawo jini in ba tsargiya ba? A nan za su ci karo da tsakuwar ƙoda, da kumburin ƙoda da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata, da sikila, da rauni. Daga nan sai ilmin halittu ya shigo. Ƙwan tsutsar yana fita cikin fitsari, in ya faɗa ruwa mai daɗi sai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa da masana ke kira Bulinus, ya hayayyafa a ciki har tsawon makonni huɗu zuwa shida. Sai dubban 'yan tsutsotsi su fito su yi iyo, su huda fatar mai wanka ko mai su, su bi jini su girma, mace da namiji su haɗu su sauka a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwan da suke nasawa yana da ƙaya a gindinsa, kuma fitarsa ta bangon mafitsara ita ce ke jawo zubar jini. Likita Bajamushe Theodor Bilharz ne ya fara ganin wannan tsutsa a Alƙahira a shekara ta 1851.

Aikin bai ƙare a nan ba. Za su koyi cewa fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwai a madubin likita, kuma maganin praziquantel ana ba da shi miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Za su gane cewa maganin yana kashe manyan tsutsotsi amma ba ya hana a sake kamuwa, don haka yaron da ya koma ruwa zai dawo asibiti. Za su karanta illar da cutar ke yi in ta daɗe: ƙarancin jini, da toshewar hanyar fitsari, da lalacewar ƙoda, da ciwon dajin mafitsara, da kuma raunin da take yi wa al'aurar mata wanda sau da yawa ake ɗauka ciwon sanyi ne. A ƙarshe dole su tsaya a kan maganar mahaifin yaron, domin a wurare da dama ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji, kuma likitan da bai iya warware wannan fahimta cikin ladabi ba, maganinsa ba zai yi nisa ba.

A tsohon tsari, duk waɗannan abubuwa ana koyar da su, amma a warwatse: mafitsara a aji biyu, tsutsa da magani a aji huɗu, hanyoyin rigakafi a aji biyar ko shida. Ɗalibi ne aka bar wa aikin haɗa su. A sabon tsari labari ɗaya ya ɗaure su a mako guda, kuma masu goyon bayansa suna cewa abin da aka koya a haɗe da dalilinsa ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Me bincike ya nuna?

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma an gwada. A shekara ta 1993 mujallar Academic Medicine ta Amurka ta buga manyan nazarce-nazarce da suka tattara binciken shekara 20. Mark Albanese da Susan Mitchell sun gano cewa ɗaliban sabon tsari sun fi jin daɗin karatu, kuma malamansu na asibiti sukan yaba aikinsu daidai da na takwarorinsu ko fiye, amma a wasu lokuta sukan ɗan gaza a jarrabawar ilmin tushe, su da kansu ma suna jin akwai giɓi a saninsu. David Vernon da Robert Blake, waɗanda suka duba bincike 35, sun kai ga kusan wannan matsaya. A shekara ta 2000 Jerry Colliver ya sake duba hujjojin ya ce bai ga ribar da ta kai yawan kuɗi da lokacin da tsarin ke ci ba.

Filip Dochy da abokan aikinsa, a 2003, sun haɗa bincike 43 suka ga cewa ɗalibin sabon tsari yakan san abu kaɗan ƙasa da takwaransa a ranar jarrabawa, amma ya fi shi riƙe abin da ya sani, ya kuma fi shi iya aiki da shi. A 2008 Gerald Koh da abokansa na Singafo suka bi sawun likitocin da suka riga suka gama makaranta, cikin bincike 13, suka tarar da fifikon ya fi fitowa a wajen iya magana da marasa lafiya, da natsuwa idan al'amari bai fito fili ba, da kula da ƙa'idojin aiki, da ci gaba da neman ilmi bayan barin makaranta. A fannin yawan ilmi kuwa ba su ga wani bambanci mai ƙarfi ba.

Suka mafi nauyi ta fito ne daga masana halayyar koyo. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark suka yi bayanin cewa ƙwaƙwalwar mutum abubuwa kaɗan take iya juyawa a lokaci guda, don haka sabon shiga da aka bar shi ya yi ta lalube ba tare da jagora ba, ƙarfinsa zai ƙare a lalube, ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Masu kare tsarin suka amsa cewa in an yi shi yadda ya kamata akwai jagora a kowane mataki. Abin lura shi ne makarantun da suka yi nisa a ciki sun yi gyara da kansu. McMaster ta sabunta manhajarta a 2005 ta ƙara ba tushen ilmi muhimmanci, Jami'ar Liverpool a Ingila kuma, wadda ta koma sabon tsari a 1996, ta ja da baya a 2014 ta ƙara yawan koyarwa kai tsaye. A ɗaya ɓangaren, da wuya a sami makarantar lacca ta zamani da ba ta shigar da nazarin labarin marasa lafiya tun a shekarun farko ba.

Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ya nuna dalilin da ya sa ake bukatar ɓangarorin biyu. Ƙananan yara sun yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da amai da jijjiga, alamun da kowa zai fara danganta su da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Da aka ga magani ba ya aiki, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières suka sake tambaya, suka lura cewa ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje. Gwajin jini ya tabbatar da gubar dalma ce, wadda ta kashe yara fiye da 400. Gano wannan ya bukaci ɗabi'ar sake tunani idan amsar farko ta ƙi, wadda ita ce sabon tsari ke ƙoƙarin dasawa. Ya kuma bukaci wanda ya riga ya san cewa dalma tana kumbura ƙwaƙwalwar yaro, kuma wannan sani daga karatun tushe yake fitowa.

Darasin Malumfashi da Ilori

Ƙasar Katsina tana da nata tarihi a wannan fage. Shekaru da dama asibitin Malumfashi yana cikin rukunin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna, kuma ɗalibai sukan je can su ga aikin likita a karkara. A shekarun 1970 jami'ar ta haɗa gwiwa da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka gudanar da dogon bincike a ƙauyukan Malumfashi a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da saran maciji. A wannan zamani ne Brian Greenwood ya yi aikinsa a kan sanƙarau a Zariya, David Warrell kuma a kan dafin kububuwa. Sakamakon waɗannan ayyuka ya shiga littattafan da ake karantawa a duniya.

Eldryd Parry, wanda ya riƙe kujerar farfesan likitanci a Zariya daga 1969 zuwa 1977, shi ne ya tafi Ilori ya zama shugaban farko na tsangayar kiwon lafiya ta jami'ar can. Ilori ta ɓullo da shirin da ake kira COBES, inda ake tura ɗalibai rukuni-rukuni su zauna a ƙauyuka na wasu makonni tun daga shekarunsu na farko, su ƙidaya gidaje, su duba rijiyoyi da masai, su auna yara, su gano matsalolin lafiyar garin, su nemi mafita tare da mutanensa. Wannan ya zo daidai da sanarwar Alma-Ata ta 1978 a kan kiwon lafiya matakin farko, wadda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin aiwatarwa lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya kamata a bambanta abubuwa biyu a nan: koyo ta warware matsala magana ce ta yadda ake koyo, koyo a cikin al'umma kuwa magana ce ta inda ake koyo. Ana iya yin ɗaya ba tare da ɗayan ba. Amma ga likitan da zai yi aiki a Kurfi, haɗuwarsu ce ta fi amfani, domin gani ya kori ji.

Abubuwan da ke kawo cikas

Sabon tsari yana da tsada. Aji mai ɗalibai 100 yana bukatar rukunoni goma ko fiye, kowanne da malaminsa da ɗakinsa, sau biyu a mako. Albanese da Mitchell sun yi gargaɗi tun 1993 cewa idan aji ya haura ɗari, ɗawainiyar takan yi nauyi. A ƙasar da ƙwararrun likitoci ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada, kuma ake matsa wa makarantu su ƙara yawan ɗaliban da suke ɗauka, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Mataki na shida, wato nazarin ɗalibi shi kaɗai, ya dogara ne kacokan a kan ɗakin karatu mai littattafai na zamani da wutar lantarki da intanet. In babu su, abin da zai faru shi ne ɗalibai su kwafi bayanan junansu.

Akwai kuma batun tarbiyya. Yaron da ya tashi a gidan da ba a ja-in-ja da babba, ya yi sakandaren da malami ke rubutu a allo ana kwafa, zai ji nauyin faɗin zatonsa a gaban malami, balle ya ce wa ɗan'uwansa bai yarda da bayaninsa ba. 'Yan mata sukan fi shan wahalar wannan a rukunin da maza suka fi yawa. Malamin ma sai an horar da shi, domin wanda ya saba magana ta awa guda ba tare da an katse shi ba, yin shiru yana sauraron kuskure har ɗalibai su gano shi da kansu abu ne mai wuya a gare shi. Bugu da ƙari, in jarrabawa ta ci gaba da tambayar hadda kawai, ɗalibai za su yi watsi da zaman rukuni su koma ga tsofaffin takardun tambayoyi. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma a shekarun baya-bayan nan ita ma dole a yi lissafi da ita kafin a ce ɗalibai su kwana a ƙauye.

Kammalawa

Abin da shekaru 50 na gwaji suka nuna shi ne babu hanyar da ta kayar da 'yar'uwarta. Lacca ta fi sauƙi da araha wajen shimfiɗa tushe, warware matsala kuma ta fi koya wa ɗalibi yin aiki da abin da ya sani da ci gaba da nema. Don haka makarantar da ke tasowa a wannan yanki ba ta bukatar rushe manhajarta ta ɗauko ta Kanada ɗungurungum, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da za ta iya yi da ɗan abin da ke hannunta shi ne ta bar laccocin tushe a wurinsu, ta rage masu kitse, ta ware zama ɗaya ko biyu a mako tun daga aji biyu don nazarin labarin marar lafiya da ya dace da abin da ake karantawa a wannan mako. Inda malamai suka yi ƙaranci, ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa da ɗaliban ajin ƙarshe suna iya jagorantar rukuni in an horar da su, kuma wani kaso na makin jarrabawa ya kamata ya koma kan warware irin waɗannan matsaloli.

Mafi muhimmanci shi ne inda labaran za su fito. A rubuta su daga rajistar asibitocin yankin, bayan an cire sunaye: manomin da maciji ya sara a lokacin girbi jini ya ƙi tsayawa, da mai cikin fari da ta fara jijjiga a gida, da yaron da ƙafafunsa suka kumbura gashinsa ya yi ja a watan Agusta, da ɗan makarantar da wuyansa ya sanƙare a bazara. Sanƙarau kaɗai ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya a 1996 ya kashe fiye da 11,000, ya kuma dawo da wani nau'in a 2017 ya taɓa Zamfara da Sakkwato da Katsina. A saka ƙorafin marar lafiya da Hausar da ya faɗe shi, ko da sauran bayanin da Ingilishi ne, domin da wannan Hausa ɗalibi zai ji shi ranar da ya kama aiki. Wannan aiki na rubuta labarai bai fi ƙarfin malaman likitanci da na ilmin halittu da likitocin asibitocin Kurfi da Dutsin-Ma ba in suka zauna tare, kuma ba ya bukatar jiran wani babban kasafin kuɗi kafin a fara shi.